Waƙar da Gidan Rediyo Bai Taɓa Sakawa Ba

"...ya aiki, ya jama'a? Ko da yake wane aiki, mutum ya zauna yana kashe wa bayin Allah rediyo."

"Lafiya lau, Matar Yaya. Ki ɗaga ƙafa da kyau a dokin ƙofar nan, don in kin faɗi ba ni da bayan ɗaga tsohuwa."

"Ji mai furfura har cikin kunne yana kiran wani tsoho."

Ta shigo rungume da rediyo a naɗe cikin tawul kamar jariri, ta ajiye shi a kan teburin aiki, ta ture wata buɗaɗɗiyar waya gefe ba tare da ta nemi izini ba.

Shagon na ƙanin mijinta ne, wanda duk dangi ke kira Auta ko da yake ya ba hamsin baya. Ɗan tsukukun shago ne a layin masu gyara. Rediyoyi da talabijin da aka feɗe suna jere a kan kantar shagon har kusa da rufi, ga ƙaurin darma, ga fankar da ta daina juya kai tun bara. A kusurwa akwai tsohuwar kwamfuta da yake zuba wa mutane waƙoƙi a mamori da ita. Ita kuwa malamar firamare ce da ta yi ritaya. Shekara talatin da takwas ke nan da ta auri wansa, direban bas na dogon zango. Ranar da ta fara shiga gidansu Auta yana ɗan shekara sha shida, ya dube ta ya ce Yaya ya tafi neman mata ya dawo da rabi. Ita kuma ta ce kunnuwansa kamar marafan tukunya. Daga ranar ba su huta ba. Ko ranar rasuwar Yaya, shekara biyu da suka wuce, sai da ta ɗago ido cikin hawaye ta gaya masa ya sa riga a baibai.

Auta ya warware tawul ɗin, ya tambayi abin da ke damun maras lafiyar. Ta ce kwana huɗu ke nan, da ƙarfe huɗu ta yi, lokacin shirin zaɓen waƙoƙi, sai rediyon ya kama shuuu kamar ana soya wani abu. Ta ce kuma ta san dalili: tun gyaran da ya yi masa wancan karon ne bai ƙara lafiya ba.

"Wancan karon shekara bakwai ke nan."

"Ciwon da ka sa masa mai cin jiki a hankali ne."

Ya kwance bayan rediyon da sukudireba, ya leƙa, ya girgiza kai. Wayar eriya ce ta tsinke daga ciki. Ya ce wannan ba ciwo ba ne, duka ne, kuma ya san hannun malamar makaranta in ya gan shi. Ta ce sau biyu kawai ta ɗan bubbuga shi. Ya ce haka take cewa game da yaran mutane ma.

Yana jiran ƙarfen darma ya yi zafi sai ya ce, kamar abin da ya tuna yanzu:

"Af, shekaranjiya ma Yaya ya zo mini a mafarki. Ya ce in gaya miki ki ji tausayin rediyonsa."

"Me ya sa?"

"Farar rigar nan tasa. Ya yi ƙiba, ya yi haske. Ya ce tunda ya rabu da faɗanki hawan jininsa ya sauka."

Ta ɗauki tawul ɗin ta ninke shi gida huɗu, ta warware, ta sake ninkewa.

Abin da ke cin ta ke nan, kuma Auta ya sani. Kowa yana mafarkin Yaya ban da ita. 'Yarsu da ke aure a nesa ta bugo waya tana kuka, wai ta ga Baba yana gyara mata ƙofa. Maƙwabciya ta gan shi yana wanke mota. Har bakaniken da suka yi shekara goma ba sa ga maciji da Yaya ya zo takanas ya ce ya gan shi sun shirya. Ita da ta yi shekara talatin da shida tana jin minsharinsa, ba ta gan shi ko sau ɗaya ba. Tana yi masa addu'a ta kwanta a gefen gadon da yake kwana, ta tashi ba komai. In ma ta yi mafarkin, sai ta ga kanta a aji, alli ya ƙare, yara suna ihu.

Da ta dawo da muryarta sai ta huce a kan mawaƙa. Ta ce duk maƙaryata ne, daga na da har na yanzu. Kowanne ya ɗauki makirufo sai ya ce jiya ya ga masoyiyarsa a mafarki, yau ma ya gan ta, gobe ma zai gan ta, kamar mafarki motar haya ce da ake tarewa a bakin titi. Wani yaro ma, in ji ta, cewa ya yi ba ya son ya farka. Ta ce da ɗalibinta ne da ta gaya masa ya tashi ya nemi sana'a.

"To me ya sa kullum ƙarfe huɗu kina manne da su?"

"Ina gyara musu nahawu."

"Da duka?"

"Kai dai liƙa wayarka."

Ya liƙa. Ya mayar da murfi, ya murɗa, murya ta fito tas. Ya tura mata rediyon yana jiran ta ce ya yi ƙoƙari, abin da ba ta taɓa cewa ba. Ba ta ɗauka ba. Ta buɗe jaka ta fito da ɗan mamori a ƙulle cikin takarda, ta ajiye a gabansa.

Ta ce akwai wata waƙa da take so ya zuba mata. Ba ta san sunanta ba, ba ta san wanda ya yi ta ba. Tsohuwar waƙa ce ta mafarki da Yaya yake rerawa tun yana neman aurenta, in yana aski, in yana wanke bas, in ya dawo daga tafiya ya tsaya a ƙofa yana cire takalmi. Ya ce mata a rediyo ya ji ta. Tun bayan rasuwarsa take jiran a saka ta. Sau uku ta aika saƙo gidan rediyo da baitin farko, mai gabatarwa ya karanta sunanta, ya ba da haƙuri, ya saka mata wata daban. Ta ce tana ganin in ta ji ta daga bakin mai ita, da kiɗanta yadda aka yi ta, ta kwanta da ita a kunne, wataƙila ya zo.

Auta ya jawo kujera gaban kwamfuta, ya ce ta faɗi baitin. Ba ta rera ba, karantawa ta yi kamar tana ba da shifta:

"Na gan ki a mafarki kina shanya,
Iska tana wasa da bakin zane,
Na miƙa hannu in riƙe miki igiya,
Gari ya waye, hannuna wayam."

Ya buga kalmar mafarki, waƙoƙi suka zubo sun fi ɗari. Ya fara saka mata ɗaya bayan ɗaya. Ta farko wani ne mai siririyar murya yana cewa ya yi mafarkin ya sayi jirgin sama ya ɗauki masoyiyarsa. Ta ce ya fara sayen keke tukuna. Ta biyu wata mace ce da ta yi mafarkin ruwa ya cinye gari ita da saurayinta suka tsira. Ta ce wannan ba soyayya ba ce, son kai ne. Ta uku kiɗa ya yi yawa, ta huɗu na'ura ce ke waƙar ba mutum ba. Akwai wata tsohuwa mai garaya a hankali da ta sa ta yi shiru har ta kai ƙarshe, sannan ta ce kusa, amma ba ita ba ce. Auta ya ce a irin wannan zaɓen nata, abin mamaki ne da ta yarda ta auri Yaya. Ta ce lokacin ba ta fara sa tabarau ba.

Sun kai waƙa ta ashirin da wani abu sai ta lura ba ya kallon allon. Danna kawai yake yi, idonsa na kan bango.

"Auta, nema kake yi ko wasa kake da ni?"

Ya cire hannu daga kan kwamfutar, ya shafa gemu.

"Matar Yaya, ba ta nan. Ba ta cikin kowace kwamfuta. Gidan rediyo ba su da ita, kuma ba za su taɓa samun ta ba."

Ta ce ya yi mata bayani da Hausa.

Ya ce waƙar ta Yaya ce. Shi ya ƙirƙire ta, a ɗakin da suke kwana su biyu, wata uku kafin a ɗaura musu aure. Ya gan ta tana shanya a bayan gidan iyayenta wata rana da ya zo wucewa da mota, ya dawo ya kama rubutu a bayan takardar fasinja. Sati uku yana rera ta, yana gogewa, yana sakewa, yana buga gwangwanin madara a madadin ganga, har Auta ya haddace ta ba don yana so ba. Da ya gama sai kunya ta kama shi. Ya ce ita malama ce, in ta san shi ya yi za ta ɗauki jan biro ta bi ta layi-layi. Ya sa Auta ya yi alkawarin zai ce a rediyo suka ji.

Ta juyo ta fuskance shi.

"Shekara biyu ina zaune gaban akwati kamar wawiya, kana kallona."

"Ban san ita kike jira ba. Wallahi na ɗauka kewa ce kawai. Yau na fara jin zancen saƙon."

"Sau uku aka karanta sunana duniya na ji."

"Ni gyaran rediyo nake yi, ba na sauraro."

Ta so ta yi dariya, abin ya fito mata wani iri. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. Ta ce shekara talatin da shida tana gaya wa mutumin nan yana ɓata wa mawaƙi waƙa da muryarsa, ashe mawaƙin ne a gabanta da kumfar aski a fuska. Ta ce ko sau ɗaya bai musa ba, sai dai ya ce ai mai waƙar ma ba wata murya gare shi ba.

Auta ya ce tunda yau ranar tonon asiri ce, bari ya ƙarasa. Mafarkan da yake ba ta labari duk ƙarya ne. Bai taɓa ganin Yaya ba shi ma, ko inuwarsa. Ya fara ƙirƙirarsu ne a watannin da ta kulle kanta a gida ba ta ɗaga waya, don ya san in ya aika mata cewa Yaya ya ce ta rame kamar tsinke, sai ta taso ta zo ta zage shi. Kuma ta zo.

"Ashe maƙaryata biyu uwarku ta haifa."

"Uku. Ba ki san babbar yayarmu da kyau ba."

Akwai wata kujerar mota da ya ɗora a kan katako a bayan kantar shagon, wadda masu jira ke zama. Ta je ta zauna, ta juya fuskarta ga bango, ta ba shi baya.

"Rera."

Ya ce shi bai iya waƙa ba. Ta ce wanda ya yi ta ma bai iya ba. Ya ce maƙwabta za su ji, mutuncinsa a layin nan zai zube. Ta ce ba a zubar da abin da babu. Ya tashi ya sakaya ƙofa, ya kashe fanka, ya ɗauki gwangwanin da yake tara kusoshi ya juye su a kan tebur. Ya yi gyaran murya sau uku.

Muryar ba daɗi. Tana hawa inda ya kamata ta sauka, tana karyewa a kan kalmar igiya. Amma muryar gidansu ce, mai kauri daga ƙasa da ɗan kaushi a gefe, kuma a nan ɗin dai Yaya ma yake karyewa. Daga inda take zaune, ba ta ganin kowa, kafaɗunta suka sauka. Ya yi baitin shanya, ya yi na biyu, wanda direba ke ganin ta a bakin titi yana taka birki motar ta ƙi tsayawa. Nan Yaya yake tsayawa kullum. Auta bai tsaya ba.

"Na gan mu a mafarki mun tsufa,
Kina faɗa, ni ina dariya,
Haƙora sun zube, shayi ya huce,
Wannan kam kada kowa ya tashe ni."

Gwangwanin ya yi shiru. Ba ta juyo ba ta ce ba ta san wannan ba. Ya ce ai ba za ta san shi ba, Yaya ya cire shi daren ƙarshe kafin ya fara rera mata waƙar. Wai Yaya ya ce ba a gaya wa yarinya 'yar shekara ashirin da uku an gan ta ba haƙora, sai ta fasa.

"Nasa ko ɗaya bai zube ba," ta ce. "Da su duka ya tafi."

Ta ce ya maimaita daga farko. Ya maimaita. Ta ce ya ƙara. A karo na huɗu, yana tsakiyar baitin birki, ya ji numfashinta ya sauya. Ya leƙa ta saman kantar. Kanta ya jingina da bango, tabarau a hannu, bakinta a ɗan buɗe.

Ya ajiye gwangwanin kamar ƙwai. Ya fita ya zauna a kan dakalin ƙofa. Wata mata ta zo karɓar talabijin ɗinta, ya ɗora yatsa a baki ya ce ta dawo gobe. Wani ya zo da waya a hannu yana sauri, ya nuna masa shagon gaba. Mai yankan gilashi na kusa ya kunna injinsa, Auta ya je ya roƙe shi ya ɗan dakata, ya ce yana da maras lafiya a ciki. Ƙarfe huɗu ta yi ta wuce, shirin zaɓen waƙoƙi ya fara ya ƙare a rediyoyin layin, ba ta motsa ba. Rana ta sauka daga kan rufin shagunan da ke fuskantarsu kafin ya ji kujerar ta yi ƙara.

Ya shiga ya same ta tana gyara ɗankwali. Ya ce masu shaguna uku sun kawo ƙara, sun ɗauka janareto ya saya. Ta ce ita ba ta minshari, ba ta ma yi barci ba, idonta kawai ta huta. Ya ce awa biyu da kwata. Sannan ya tsaya yana juya sukudireba a hannu, ya kasa tambaya. Ita ta faɗa.

"Ban gan shi ba."

"To."

"Takalmansa na gani. A bakin ƙofar ɗaki, ɗaya a tsaye ɗaya a kife, yadda yake zubar da su in ya dawo daga tafiya. Da ƙurar hanya a jikinsu. Na sunkuya zan gyara su ina faɗa, sai na farka."

Auta ya juya yana tattara kusoshi yana mayarwa cikin gwangwani ɗaya-ɗaya.

"Ai ya iso ke nan," ya ce. "Yana waje yana jin faɗan naki, yana jira ki huce kafin ya shigo. Kin san halinsa."

Dariyar ta kufce mata da hawaye a ciki, ta bar su suka zubo ba ta goge ba. Ya ce bari ya ɗauki muryarsa a waya ya zuba mata a mamorin, ta riƙa saurare a gida. Ta ce a'a, ba za ta lalata mamori mai kyau ba. Ta ɗauki kayanta ta fita ba sallama.

Yana cikin share teburi sai ga ta ta dawo, tana haki kaɗan. Ta dire wata 'yar kwalbar zuma a gabansa, sabuwa, da ledar kanti.

"Cokali ɗaya safe da yamma, a ruwan ɗumi. Ranar Laraba zan dawo bayan azahar, kuma ba na son jin wannan kukan ƙofar na muryarka a baitin farko."

"Wato kin yarda ni mawaƙi ne."

"Na yarda ka fi wanka muni. Ban taɓa zaton za a samu ba." Ta tsaya a bakin ƙofa, ta gyara riƙon tawul. "Ka ci yau, Auta. Allah ya yi maka albarka, kai da kunnuwanka."